Ƙarin Gishiri

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ina so in rubuta tun abin yana sabo.

Jiya wajen sha ɗaya ina shagona ina fito da ƙanƙara daga inji, sai na ji injin yanka katakon Yaya ya canza murya. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Shekara tara ina jin injin nan, na san kukansa kamar yadda na san tarin Inna. Sai shiru, sai salati. Da na shiga na tarar da Yaya a tsugune ya danne hannun dama a cinya, kafintocin layin sun kewaye shi, ƙarti shida, kowa na ba da umarni, babu mai motsi. Babban yatsansa yana can cikin dusar katako kusa da ƙafar teburi.

Ni na ɗauke shi. Ban san inda ƙarfin zuciyar ya fito ba. Na taɓa jin cewa idan aka sa shi a sanyi likitoci na iya mayar da shi, to wa ya fi ni sanin sanyi a layin nan? Na ɗauraye shi, na fasa ƙanƙara a ƙaramar kula, na binne shi a tsakiya, na yi masa duk abin da nake yi wa kaya idan za su yi tafiya mai nisa, na rufe.

A mota kular na kan cinyata. Yaya fuska ta yi toka, amma sai da ya juyo ya ce, "Auta, riƙe min shi da kyau, ban gama aiki da shi ba." Asibitin kusa suka ɗaure hannun suka tura mu babba, sai da muka yi kusan awa biyu a hanya.

Kafin a shiga tiyata likitan ya fito da kulata a hannu, ya kira ni gefe ya yi min wata tambaya. Na ba shi amsa. Ba wani abu ba ne. An ɗinke yatsan, shi ne magana. Awa shida suka yi a kansa. Alhamdulillahi.

Alhamis, da azahar

An raɗa min suna a layi: Dakta. Mai walda ne ya fara, yanzu har masu zuwa sayen ƙanƙara sun ɗauka. Kowa da irin labarinsa. Wani ya ce da haƙori na fasa ƙanƙarar, wani ya ce ni na tuƙa motar, ni da ko keke ban iya ba. Na ce musu su daina ƙara gishiri. Kalmar na fita daga bakina na ji kamar na taka ƙusa.

Inna ta kama kaina da hannu biyu ta yi ta sa min albarka har ta gaji. Ta ce duk 'ya'yan da ta haifa ni ce kawai kaina ke aiki idan abu ya faru. Anti, matar Yaya, wadda shekara da shekaru gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, yau ta rungume ni a ƙofar ɗakin jinya tana kuka a wuyana.

Gaskiya na ji daɗi. Gara in rubuta hakan ma.

Juma'a, bayan magariba

Maigidana ya ce miyar yau lami ce. Na tura masa kwalbar gishiri, na ce ya zuba da kansa.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Abin mamaki, yanzu ɗumi ne magani. Sun rataye fitila a saman hannun, sun hana a kunna fanka, Yaya na ta gumi yana mita. Duk bayan awa ɗaya nas takan zo ta danna bakin yatsan ta saki, ta tsaya tana kallo. Wai idan jini na zagawa zai yi fari, nan da nan ya koma ja. Na tsaya a bayanta na kalla. Ya yi fari, ya daɗe a farin. Ta rubuta a takarda ta fita.

Yaya ya ce, "Kin ga malalacin nan? Shekara talatin yana aiki, ya samu hutu ya ƙi tashi." Muka yi dariya. Da yatsan nan yake shafa katako ya san ko randar gogewa ta ci daidai, ido a rufe. Da shi yake dungure min goshi tun ina 'yar ƙarama.

Likitan ya shigo zagaye, ya duba, ya ɗago ya kalle ni kallo ɗaya.

To bari in rubuta, tunda littafin nawa ne. Abin da ya tambaye ni ranar Talata shi ne, "Wa ya zuba gishiri a cikin nan?" Ya ce yatsan ya iso musu a ƙandare kamar guntun itace. Ya ce sanyi suke so, ba daskarewa ba. Sanyi na sa nama ya yi barci ya jira su, daskarewa kuwa farfasa shi take yi daga ciki. Ya ce za su gwada don babban yatsa ne, amma kada in sa rai sosai.

Na ce masa, "Ban sani ba, haka aka miƙo min kular."

Haka na ce. Ido cikin ido, ko ƙiftawa ban yi ba.

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Kafin kowa ya buɗe shago na fasa ƙanƙara a roba, na zuba gishiri hannu biyu kamar yadda na zuba ranar, na juya, na tsoma ɗan yatsana. Na ƙirga ashirin ya fara zogi. Na ƙirga arba'in na daina jin sa. Da na zaro ya yi fari fat, sai da na sa shi a baki kamar jinjira. Ƙirga arba'in ke nan. Na Yaya awa biyu ya yi.

Kuma ai na sani. Sana'ata ce. Ruwan gishiri ne ke daskarar min da bulon ƙanƙara a inji kullum safiya. Don ya ƙara sanyi na zuba, kuma ya ƙara.

Laraba, da la'asar

Yatsan Yaya ya yi baƙi.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Sun cire.

Muna zaune a benci a baranda, ni da Anti da Inna, aka zo aka gaya mana. Anti ta miƙe ta fara. Wai Auta ta kawo musu yatsa lafiyayye a cikin ƙanƙara, fes, su ne suka lalata shi. Wai likitan yaro ne, a hannun mijinta ya koyi ɗinki. Mutane suka fara taruwa. Ta juyo ta ce, "Auta, ke kika kawo shi, faɗa musu yadda yake!"

Likitan na tsaye a bakin ƙofa, takardu a hannu. Ya ji komai. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Ya kalle ni, na kalli takalmina. Ya ce wa Anti, "Ki yi haƙuri, mun yi iyakar ƙoƙarinmu," ya wuce.

Na ce, "Anti, ki bari, mutane na kallo." Iyakar abin da na iya ke nan. Ban taɓa raina kaina kamar yau ba.

Asabar, da hantsi

Miya lami kuma. Maigidana ya tambaya ko likita ne ya hana mu gishiri bai sani ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

An sallamo Yaya, yau ya leƙo shago duk da an ce ya huta. Tun da na buɗe shagon nan, kullum safiya idan zai wuce sai ya ɗaga min babban yatsa ta ƙofa, ma'ana, ta yi? In ƙanƙara ta daskare in ɗaga masa nawa, in wuta ta yi mana tsiya in kifar. Ba mu taɓa yin maganar da baki ba.

Yau ya zo wucewa, ya ɗaga hannun bai tuna ba. Dunƙulen bandeji ne kawai ya tashi. Ya tsaya yana kallonsa. Sai ya yi dariya ya ɗaga na hagu. Ni ma na ɗaga nawa, sannan na shiga bayan inji na zauna a kan bokiti har sai da wata mai saye ta gaji da sallama ta tafi.

Ta bango ina jin sa yana ƙoƙarin riƙe fensir. Fensirin ya faɗi sau huɗu, na ƙirga.

Laraba, da azahar

Ciyaman na kafintoci ya zo da kansa, ya cire hula ya zauna a bencina. Ya ce sun yi zama, sun ga abin da ya samu Yaya zai iya samun kowa, babu kafintan da injin bai taɓa lasa ba. Don haka sun sayi kula, za a ajiye a shagona tunda nan ƙanƙara take. Ranar Asabar bayan la'asar za su taru a rumfar Yaya in koya musu yadda na yi.

Na ce ai babu wani abin koyo.

Ya ce, "Haba Dakta, kada ki yi mana rowa. Mai fenti ya ce da idonsa ya ga har gishiri kika barbaɗa. Wannan ai sirrin masu sana'a ne, mu ina za mu sani? Har mun saya." Ya leƙa waje ya sa aka shigo da kaya. Kula shuɗiya sabuwa fil, da ƙaramin buhu a kanta.

Buhun yana nan a lungu, ina rubutun nan yana kallona. Maza goma sha huɗu ne a layin. Na ƙirga yatsunsu ban san dalili ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na rufe shago na koma asibitin. Awa biyu na yi a benci kafin likitan ya fito. Ya gane ni. Na riga na shirya magana mai tsawo a hanya, amma da na buɗe baki sai na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Na sani. Akwai gishiri a hannun rigarki ranar."

Na so ƙasa ta tsage. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa ranar da Anti ke zaginsa. Ya ce maganar ba tasa ba ce. Na tambaye shi, da ban zuba ba, da yatsan ya rayu? Na so ya ce a'a. Wallahi na so. Ya ce ba shi da tabbas, injin ya dagargaza jijiyoyin, amma yana ganin da ya rayu.

Sai ya cire murfin biro ya ce in ɗauka shi ne yatsan. Ya jiƙa bandeji da ruwa mai tsabta ya matse, ya naɗe murfin. Ya sa a leda ya ɗaure bakin. Ya ce ledar ce za ta zauna a cikin ruwa mai ƙanƙara, nama kada ya taɓa ƙanƙara ko kaɗan. Ya sa na yi sau biyu a gabansa. Abin bai kai minti ɗaya ba. Leda ina da dami guda a rataye a ƙofar shago, a ciki nake ƙulla wa mutane kaya.

Juma'a, bayan la'asar

Na je gidan Yaya don in faɗa masa shi kaɗai kafin gobe. Na tarar Anti na ɓalle masa maɓallin riga, yana ce mata ya koma ango. Ya ce, "Ga Dakta! Ki shirya lacca da kyau, kada ki ba ni kunya." Na sha ruwa, na gaishe su, na taho.

Asabar, ƙarfe bakwai na yamma

An jera benci uku a rumfa. Duk sun zo, har mai walda da ba kafinta ba. Yaya na gaba, hannu a rataye a wuya. An ɗora kular da buhun a kan teburin da injin yake. Ciyaman ya yi jawabi, ya ce mace ɗaya ta fi su shida, aka yi tafi. Sannan ya ce, "To Dakta, faɗa mana yadda aka yi tiryan-tiryan, ban da ƙarin gishiri." Aka fashe da dariya.

Na yi niyyar in koya musu hanyar leda kawai in ce ita ce sabuwa, in zauna. Har na fito da murfin biro. Sai mai fenti ya ce daga baya, "A wane lokaci ake zuba gishirin?"

Na ɗauki buhun na sauke shi ƙasa. Na ce, "Ba a zubawa. Ƙarin gishirin ne ya kashe yatsan Yaya."

Wani ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

Na faɗi komai. Na ce ba likita ba ne, ni ce. Na ce tun ranar farko ya gaya min, na yi masa ƙarya, na bari ana zaginsa, na bari ana ce min Dakta sati biyu da kwanaki. Muryata ta yi ta tsinkewa kamar ta tsohuwar rediyo. Ban kalli gaba ba. Na jiƙa bandeji, na naɗe murfin, na sa a leda, na ɗora a ruwan ƙanƙara. Na sa kowa ya zo ya yi da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Suka yi.

Da na ɗago, wurin Yaya babu kowa. Ban san lokacin da ya tashi ba.

Lahadi, da safe

Anti ta aiko da kulata da na bari a gidansu. Babu saƙo.

Litinin, da azahar

Babu wanda ya ce min Dakta. Babu kuma wanda ya ce min komai. Mai walda ya sayi bulo biyu yana kallon rufi. Shagon Yaya a kulle.

Inna ta kira ni ɗakinta. Na zaci duka ne ya rage. Ta daɗe tana gyara bakin zaninta, sannan ta ce, "Kuskuren hannu kowa na yi. Amma ki zauna kina karɓar albarkata a kan ƙarya?" Ba ta ɗaga murya ba. Na gwammace ta ɗaga.

Laraba, ƙarfe goma na safe

A kulle.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina wanke inji na ji ƙarar buɗe kwaɗon ƙofa a maƙwabta. Na tsaya da soso a hannu. Aka ja benci. Can sai aka ƙwanƙwasa bango sau biyu, yadda yake yi idan yana son ruwan sanyi.

Na shiga. Yana zaune, ya kwance bandejin, hannun a kan gwiwa. Ban taɓa ganin wurin a buɗe ba. Ɗinki ne baƙi a jere, gefen ya kumbura yana sheƙi. Bai kalle ni ba. Ya ce jiya ya gwada riƙe guduma, shi ne ya kumbura, nas ta ce a ɗora masa sanyi minti goma. Ya ce, "Duk garin nan ban san wani mai ƙanƙara ba."

Na koma na fasa, na sa a leda, na naɗe a tawul ninki biyu. Na tsaya a gabansa na kasa ɗorawa. Ya ce, "Tsayuwa kika zo yi?" Na durƙusa na tallabi hannun daga ƙasa, na ɗora a hankali. Ya ja numfashi ta haƙora.

Ina kallon agogon bangonsa, yana kallon injin.

Ya ce, "Yatsan ban riƙe ki da shi ba. Ƙarti shida na tsaye, ke kika sunkuya." Sannan ya ce, "Amma kin zo gidana ranar Juma'a kin sha ruwa kin tafi. Kika bari na ji a gaban mai walda. Wannan bai wuce min ba tukuna, Auta. Kada ki tambaye ni yaushe."

Na ce to.

Minti goma na cika na ɗage tawul ɗin. Fatar ta yi ja, ba fari ba. Na duba sau biyu. Ya juya hannun yana dubawa shi ma, ya ce in dawo da la'asar. Har na kai ƙofa ya ce in zo. Na dawo na sunkuya, na zaci wani abu zai nuna min. Ya ɗaga hannun daman ya nufi goshina da shi kamar yadda ya saba, ya tsaya a hanya. Babu abin dungurewa. Mu biyu muka kalli wurin.

Bai canza hannu ba. Ya ɗora min yatsu huɗun a goshi, da sanyinsu, ya tura kaina baya kaɗan.

Na fasa ƙanƙarar la'asar tun yanzu, tana cikin leda.